Hoton Haƙoran Don Cupertino

Duk wanda rishonsa ya taɓa yi masa gardama a unguwarmu ta bayan kasuwar Democracia ya san Don Cupertino Cotom. Shagonsa bai fi girman katifa ba, yana tsakanin mai gasa burodi da mai sayar da kyandir. Shekara arba'in ke nan yana zaune a ciki yana liƙe tukwane, yana yi wa masu tukwanen faɗa a kan yadda suke wulaƙanta su. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ce maka liƙi ba. Zai gyara gashin bakinsa da yatsa biyu ya ce, "Ni mai busa ne." Tukwanen fa? "Su suke ciyar da ƙahon."

Mu Tino muke ce masa. Ni da shi kompadre ne, domin shi ya riƙe 'yata ranar da aka yi mata baftisma. Shekara ashirin da shida ina tafe a bayansa da babbar ganga a ƙirji, a ƙungiyar badujalar da ke raka jerin gwanon cocinmu. Don haka ƙeyarsa na fi sani, ko da yake abin da zan ba da labari a kai ta gaba yake.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu marigayi Don Fulgencio ya ɗora masa ƙahon tagulla a leɓe. Tsofaffi suna cewa in Don Fulgencio ya busa taken makoki, har 'yan sandan da ke tare hanya sai ka ga suna neman hankici. Ni ban riski wannan zamani ba. Lokacin da na shiga ƙungiyar bakinsa ya riga ya zama fili, yana can ƙarshen layi yana gwara faifan tagullar nan biyu da muke kira murafai. Haka al'adarmu take, ba a korar tsoho. In haƙoran gaba suka zube babu inda bakin ƙaho zai jingina, sai a miƙa maka murafai, a mayar da kai baya kusa da masu tallar gyaɗa, kana gwara su sau ɗaya duk bayan minti uku. Girmamawa ce. Ban dai taɓa ganin wanda ya so a girmama shi haka ba.

Da ƙahon nan Tino ya samu matarsa, Doña Herlinda. Ya je ƙofar gidansu da sassafe ranar zagayowar haihuwarta ya kama busa, mahaifinta ya leƙo ta taga ya sheƙa masa ruwan wankin masara. Bai tsaya ba, ya ƙarasa taken yana jiƙe sharkaf. Herlinda takan ce a ranar ta gane mutumin ba shi da cikakken hankali, amma yana gama abin da ya fara. Ta saba da komai nasa, har da munsharinsa da ta ce shi ma yana da take, ban da abu ɗaya: akwatin ƙahon. Doka ce a gidan babu mai buɗe shi sai mai shi. Kuma duk inda aka ajiye shi, ko kan kabad, ko rataye a ƙusa, kafin la'asar kiyashi sun ja layi zuwa wurinsa. Ta zuba toka, ta zuba kananzir, ta zana alli. Tino ya ce ta bar su, su ma sun san daɗin kiɗa.

A watan Janairun bana ya gartsa wa gasasshiyar masara haƙori, ya ga jini a jikin totuwar. Ya taɓa haƙoran gaba na ƙasa da harshe, ya ji sun amsa gaisuwa, suna ɗan motsi. Bai gaya wa kowa ba. Amma a wurin bita, da ya zo daidai inda yakan ɗaga sauti sama ya riƙe shi, sai sautin ya tsinke kamar zaren da ya ruɓe. Shugabanmu Maestro Abundio mutumin kirki ne. Idonsa ne kawai ya zame ya sauka a kan bango, inda murafan suke rataye tun rasuwar mai gwara su a bara. Tino ya ga inda idon ya sauka. Ni ma na gani.

Kwana uku bayan haka Herlinda, wadda ba a iya ɓoye mata komai, ta tasa shi gaba zuwa wurin Dakta Marleny Quemé. 'Yar layinmu ce, tana ƙarama ita ake aikowa da tukwanen mahaifiyarta. Yanzu tana da ɗakin duba haƙori kusa da tashar mota, da wata na'urar ɗaukar hoto da take aiki da ita tare da masu bincike na jami'a. Ni aka ɗauka ɗan rakiya, wai in ya yi yunƙurin gudu in tare ƙofa.

"Don Tino, yaushe rabonka da likitan haƙori?" in ji ta.

"Ni da shi ba mu taɓa ɓatawa ba, Dakta, don ba mu taɓa haɗuwa ba."

Ta duba, ta taɓa, ta ɗan girgiza kowanne da ƙarfenta. Sannan ta cire safar hannu ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke kwanciya a jikin haƙori, ido ba ya ganinta sosai, ita ce gidan ƙwayoyin cuta. Ita ta cinye masa dasashi har haƙora huɗu na gaba suka fara girgiɗa. Za ta kankare wadda ta daskare. Amma sabuwa kullum tana fitowa, kuma wannan aikinsa ne. In ya iya rage ta ta koma ƙasa da kashi ashirin cikin ɗari na fuskar haƙoran, dasashin zai kama, sai ta ɗaure huɗun da siririyar waya ta baya. In bai iya ba, gara ta cire su kafin su janyo na kusa da su.

"A sa min na roba ke nan," in ji Tino. "Da na roba ana busa?"

"Ana cin tamal da sauran abinci mai laushi. Busa kam, ban yi maka alkawari ba."

Ta ce ya dawo ranar Laraba da safe za a ɗauki hoto. Kada ya goge baki tun daga daren Talata, kada kuma ya ci komai.

A duk wannan bayani kalma ɗaya ce ta shiga kunnen kompadrena, hoto. Ranar Laraba na iske shi sanye da baƙar kwat ɗin ƙungiya, takalmi yana ɗaukar ido, gashi ya sha mai, wanzami ya daidaita gashin baki. Da ya yi min murmushi sai na ga haƙoran suna walƙiya. Ashe tun asuba ya ƙona tortiya, gurasarmu ta masara, har ta zama gawayi, ya daka da gishiri, ya dirje su da ita yadda kakarsa take yi.

"Kompadre, ba cewa aka yi kada ka goge ba?"

"Ba gogewa na yi ba, gyarawa na yi. Wa ya taɓa zuwa ɗaukar hoto da dattin baki? Kai in jerin gwano zai bi ta ƙofar gidanka ba ka sharewa?"

Dakta Marleny ta ɗaga leɓensa ta ga baƙin gari ya cika tsakanin haƙora. Ta juya baya ta yi kamar tana neman wani abu a durowa, amma kafaɗunta sun tona mata asiri. Da ta samu numfashi ta ce, "Don Tino, kwat ɗin ta yi kyau ƙwarai. Sai dai ba za ta fito ba. Dattin nake son gani, shi ka share min. Gobe ka zo min da bakin da ka tashi da shi."

Washegari ya zo a murtuke, yana magana ta gefen baki don kada ya cuci jama'a. Aka ba shi wani ruwa rawaya ya kurkure ya tofar. Aka zaunar da shi ya ɗora haɓa a kan wani ɗan dandamali, goshi ya jingina da ƙarfe, aka ba shi ƙugiyoyin roba biyu ya ja leɓɓansa da kansa hagu da dama. Mutumin da limamin coci yake miƙe wa in ya shigo, ga shi ya yi zuru kamar kan akuya a teburin mahauci. Ta kashe fitilar ɗaki, wata shuɗiyar fitila ta kama, kyamara ta yi ƙyas.

Sai ga haƙoran Tino a allon kwamfuta, kowanne ya kai tafin hannu. Kwamfutar ta bi su tana shafa kore a duk inda rinin ya kama dauɗa. Kafin ta gama, fari kaɗan ya rage. A ƙasan hoton lamba ta fito: 46.

Herlinda ta gyara tabarau ta matsa kusa. "Tsoho, ashe lambu gare mu ban sani ba? Ni kuma ina ta wahalar zuwa Almolonga sayen latas."

Tino ya cire ƙugiyoyin. "Wa ya ƙirga?"

"Kwamfuta," in ji Dakta. "Tana yayyanka hoton ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gishiri, ta ƙirga farare, ta ƙirga koraye."

"Ai ba ta san ni ba."

"Abin da ya sa nake son ta ke nan. Ni in na duba da ido sai in tuna tukwanen mahaifiyata in rage maka."

Ta kankare masa abin da ya daskare, ta nuna masa yadda ake karkata buroshi a bakin dasashi, ta ba shi zaren sakace. Ta ce minti biyu, sau biyu a rana. Tino ba ya yarda da agogo, sai ya zaɓi wani take mai tsawon minti huɗu, yana gogewa yana rera shi ta hanci a bakin kwamin wanki. Maƙwabta suka haddace shi. A tsakiyar Fabrairu aka sake hoto, lamba ta ce 27. Ya fito yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Ya tsaya wajen mai burodi ya ba shi shawara a kan nasa bakin, ba a tambaye shi ba.

Daga nan azumin coci na kwana arba'in ya kama, wanda ake ƙaurace wa kayan daɗi a cikinsa. Mu a wurinmu lokacin aiki ke nan: bita kowace yamma, jerin gwano kowace Lahadi. Sati ɗaya da shiga azumi muka koma, Tino yana ta lissafin cewa yau sai dai ya ga sha wani abu. Fitila ta kama, kyamara ta yi ƙyas. Lamba ta ce 34.

Haƙoran sama sun yi fes, na dama ma haka. Koren duk ya tattara ya koma ƙasa ta hagu, ya lulluɓe fiƙa da haƙoran nan masu girgiɗa, kamar gansakuka a gindin randa.

"Na'urar nan ta lalace," in ji Tino, amma muryar ba irin ta da ba ce.

"Don Tino, kana shan zaƙi?"

"Dakta, azumi fa ake! Kofina ma ba sukari. Lemon kwalba rabona da shi tun bikin 'yata. Alawa kuwa ta yara ce."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Herlinda. "Aibinsa in na fara lissafawa sai ki rufe ɗakin nan ba mu gama ba, amma ba ya ƙarya."

Ni ma na ba da tawa shaidar, hannu a ƙirji.

Dakta ta jera hotunan a allo, na Janairu, na Fabrairu, da na yau. Ta daɗe tana kallo. "Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin wannan da wannan, me ya canza a rayuwarka?"

"Ba komai. Busa ce kawai ta ƙaru."

Yana faɗa ya so ya mayar da maganar ciki. Dakta ta dube shi, ta dubi hoton.

"Laraba mai zuwa ka zo min da ƙahon," in ji ta.

Wannan satin shi ne mafi tsawo da na taɓa gani a rayuwar kompadrena. Lissafin a fili yake. In ƙahon ne ke ɓata haƙoran, to in ya ci gaba da busa su zube, in ya bari don su tsira babu amfanin tsirarsu. Ta ko'ina murafai ne ke jiransa. Maestro Abundio ya ja shi gefe ya ce masa cikin ladabi, shi ba gaggawa yake ba, amma yana bukatar ya sani kafin Lahadin Dabino, wadda ke buɗe makon ƙarshe na azumi, wa zai busa taken kwanar dandali ranar Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Ubangiji. A wannan kwanar ne ake juya makarar Ubangiji, mai ɗauke da mutum-mutuminsa, a hankali, duk badujala ta yi shiru, ƙaho ɗaya ya ɗauka shi kaɗai. Shekara talatin da ɗaya Tino ne.

Wata mata ta kai masa tukunyar da ta ƙone har ta huje. Ya liƙe ya miƙa mata ba tare da ya yi mata faɗa ba. Matar ta wuce kai tsaye gidansa ta tambayi Herlinda ko jikin ne.

Ranar Litinin bayan bita na same shi tsaye gaban bango, hannu a baya.

"Kompadre," in ji shi, bai juyo ba, "murafan nan suna da nauyi?"

"Ina zan sani? Ni ganga nake ɗauka."

"Don Fulgencio yakan ce ba su da nauyi. Ya ce tafiyar ce take tsawo in kana baya."

Sai na ce masa ai in ya koma baya ni zan huta da kallon ƙeyarsa. Bai yi dariya ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Ranar Laraba ya rungumo akwatin kamar mai kai ɗansa gaban alƙali. Ya ɗora shi a teburin Dakta, ya tsaya kusa da shi.

"Ka yi duk yadda ka saba," in ji ta. "Ka ɗauka ba na nan. Ina son in ga inda bakinsa yake zama."

Tino ya buɗe akwatin. Ya karkaɗe kiyashi biyu daga kan ƙyalle. Ya ɗauko ƙahon ya goge shi tun daga baki har gindi. Ya ɗiga wa maɓallan nan uku mai, ya motsa su. Ya yi alamar gicciye. Ya buɗe wani ɗan gwangwani, ya ɓantari abu kamar girman ƙwayar wake, ya ja leɓen ƙasa ya cusa shi ta hagu tsakanin leɓe da dasashi. Ya lumshe ido yana jira.

"Don Tino."

"Na'am."

"Mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Abin da ka sa a baki yanzu."

"Au, wannan? Na leɓe ne."

Ta ɗauki gwangwanin ta sansana. "Mazarƙwaila ce fa."

"E, ta leɓe. In ba ita bakin bushewa yake, sautin ba ya fita da laushi."

"Ka ce min ba ka shan zaƙi!"

"Ba na sha mana! Wannan ai kayan aiki ne, Dakta, kamar man nan. Da kin tambaye ni kayan aiki da na lissafa miki."

"Sau nawa a rana?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu. Kafin kowane take ɗaya. In taken ya yi tsawo, bayansa ma ɗaya. A bita take goma ko sha biyu. Ranar Jumma'a Mai Kyau, tafiyar awa takwas, rabin curi yakan ƙare. In yana shago ya tuna wani take yana motsa yatsu, to, ba a motsa yatsu da busasshen baki.

Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, kunya ta rufe ni. Na ga wannan hannun ya tafi wannan leɓen ya fi sau dubu goma. Duk masu busa a ƙungiyarmu haka suke yi, kowa da gwangwaninsa. Na ba da shaida da zuciya ɗaya cewa mutumin ba ya shan zaƙi, domin ni ma ban taɓa ganin abin a matsayin abinci ba.

Herlinda ce ta fara samun bakin magana. "Shekara talatin da takwas!" Ta dafe ƙirji. "Shekara talatin da takwas ina yaƙi da kiyashi, na zuba toka, na zuba kananzir, har na zargi gidan maƙwabta da ƙazanta. Ashe kai kake ciyar da su! Wai sun san daɗin kiɗa!"

"Wa ya koya maka wannan?" in ji Dakta.

Tino ya ɗaga haɓa. "Don Fulgencio, Allah ya jiƙansa. Garin nan bai taɓa yin mai busa kamarsa ba."

"Da haƙora nawa ya rasu?"

Tino ya sauke haɓar. Ni kuma sai fuskokin 'yan layin gaba suka dinga zuwa min ɗaya bayan ɗaya. Mutum huɗu masu giɓi, duk a ƙasa, duk ta hagu. Mun sha yi musu tsiya cewa uwa ɗaya ta haife su.

"To..." Tino ya haɗiyi yawu mai zaƙi. "Ƙahon fa?"

Ta sa shi ya ɗora ya busa kaɗan, ta duba ta gefe, ta karɓi bakin ƙahon ta leƙa cikinsa. "Ka dinga wanke shi da ruwan zafi, shi ma ya sha tasa mazarƙwailar. Ban da wannan ba shi da laifi."

Kompadrena ya zauna daɓas a kujera. Ya fara dariya a hankali, sannan ta ƙwace masa har hawaye suka gangaro cikin gashin baki. Ya ɗaga ƙahon ya sumbace shi. "Na san ba kai ba ne," in ji shi. "Wallahi na sani."

"Ni shekara nawa rabon da ka yi min haka?" in ji Herlinda. Ta sa gwangwanin a jakarta ta ja zif.

Gano ɓarawo daban, raba shi da gida daban. Sabon shekara kusan hamsin ba ya fita a sati. Bitar farko ba mazarƙwaila, sautin Tino ya fito kamar na agwagwa mai mura. Hannunsa yana ta zuwa aljihu yana dawowa wayam. Dakta ta ce ya riƙe gorar ruwa, ya kuma tauna cingam marar sukari. Ruwan ya karɓa. Cingam kuwa ya ce shi da shekara sittin da uku ba zai bi bayan makarar Ubangiji yana tuƙa kamar saniya ba. Sauran masu busa suka dinga miƙo masa nasu gwangwanin a ɓoye, don tausayi. Ya kau da kai, amma na ga maƙogwaronsa yana motsi.

Herlinda ce ta raba gardamar. Ta karyo ɗan sandan kirfa daga wanda take sa wa kunun masara, ta ce ya tsotsa tsakanin take da take, yawu zai zo. Ya ce wannan shirmen mata ne. Ya yi mita kwana biyar. Rana ta shida na ji shi yana gaya wa Maestro Abundio cewa ya daɗe yana nazari a kan kirfa.

Saura kwana shida Lahadin Dabino muka koma. Wannan karon ba kwat, ba man gashi. Ya kurkure, ya ɗora haɓa, ya ja ƙugiyoyi da kansa ba a ce masa ba. Herlinda ta kama hannun rigata tana murɗawa, ba ta ma san tana yi ba. Fitila shuɗiya, ƙyas. Kwamfutar ta fara shafa korenta, ɗigo nan, siririn layi can. Muka jira ta ci gaba. Ba ta ci gaba ba.

Lamba ta ce 16.

"Sake ƙirgawa," in ji Tino ta cikin ƙugiyoyi.

"Da ta ce arba'in da shida ka ce ba ta san ka ba."

"Yanzu mun saba."

Dakta ta danna dasashin da ƙarfenta, ba jini. Ta taɓa haƙoran, sun rage amsa gaisuwa. Ta ce ba za su koma na ɗan shekara ashirin ba, kuma duk wata uku tana son ganinsa, amma ba za ta cire ko ɗaya ba. A ranar ta manna siririyar wayar ta baya. Herlinda ta saki rigata, ta nemi kujera ta zauna, ta ce ita dai kowa ya ƙyale ta minti biyar. Tino ya roƙi a buga masa hoton a takarda, babba.

Ranar Jumma'a Mai Kyau, wajen ƙarfe biyar na yamma, muka iso kwanar dandali. Hayaƙin turare ya cika titi, mutum tamanin suna rangaji da makara a kafaɗa, ƙafafunsu suna nitsewa cikin shimfiɗar garin katako mai launi. Maestro Abundio ya sauke hannu, muka yi shiru. Na ga Tino ya zare ɗan kirfa daga baki ya sa a aljihu, ya kurɓi ruwa daga gorar da Herlinda ta miƙo masa ta tsakanin mutane. Ya ɗora ƙaho. Sautin ya tashi a hankali, ya hau, ya kai wurin nan da ya tsinke a Janairu. Ya wuce, ya tsaya a sama, ya daɗe har makarar ta gama juyawa. Wani ɗan sanda a gefena ya fara laluben aljihu.

Murafan kuwa surukin Maestro aka ba, mutum mai haƙora talatin da biyu cif da kunnen da bai san take ba. Duk inda ya ga dama yake gwarawa, muka haƙura.

Hoton yana nan an sa masa firam. Tino ya so a rataye shi a falo kusa da na aurensu, Herlinda ta ce sai dai ɗaya daga cikinsu ya bar gidan, ita ko hoton. Aka sasanta a kan bangon kwamin wanki, inda yake kallonsa safe da yamma yana rera takensa ta hanci. Kiyashi sun yi kwana biyu suna zagaya akwatin, sannan suka ja layi suka tsallaka gidan mai burodi. Biyu daga masu giɓin nan sun je an ɗauke su hoto. Sauran biyun sun ce su Don Fulgencio ba zai yi musu ƙarya ba, amma na lura gwangwanayensu sun fara ƙanshin kirfa.

Yanzu in ka kai masa tukunya faɗa biyu za ka sha, na tukunya da na bakinka. Ranar Lahadi kuma yana nan a layin gaba inda yake. Ni har yau ƙeyarsa nake kallo, ta ƙara sanƙo, kunnen hagu ya fi na dama fitowa, kuma ban taɓa jin daɗin ganin ƙeyar mutum kamar bana ba.